Layin da Auta Bai Shafe Ba

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Auta ya fito da mahaifinsa daga asibitin ido. Ya riƙe masa hannu har bakin mota, ya buɗe ƙofa, ya dafe masa kai kada ya buge. Tsohon ya ture hannun. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan babbar mota, yau kuma a koya masa shiga wannan 'yar gwangwanin? Haka ya faɗa, kuma haka yake faɗa kullum.

Shekara uku ke nan da idon Baba ya rufe. Yana iya bambance rana da dare, in an kunna fitila kusa da fuskarsa yakan ga wani fari-fari, iyakarsa ke nan. Yau likita ya gama dube-dubensa ya ce sai haƙuri, jijiyar ce ta mutu, babu aikin da za a yi. Baba ya dai tambayi inda aka ajiye masa sandarsa.

Auta sunan gida ne. Mutum ne ɗan shekara arba'in, da furfura a gemu da 'ya'ya uku, amma a bakin Baba har gobe Auta ne. A wurin aiki shi ke tura injin da ke ja wa titi layi, kuma in ana maganar layi to a ba shi wuri, don Auta akwai son a yaba. Makonni uku da suka wuce suka gama wani aiki da ya hana kowa sakat da labarinsa. Wani sabon fenti aka kawo musu, mai shan hasken rana da yini, in dare ya yi ya riƙa fitar da shi kore-kore kamar hannun agogo mai haske a duhu. Kilomita goma sha ɗaya suka ja, gefe da gefe, a hanyar da ta ratsa daji, inda babu fitilar titi ko ɗaya kuma motoci suka sha kifewa a kwana. Injin yana yi wa layin 'yan tudu-tudu, don in direba ya yi gyangyaɗi taya ta hau, sai ta yi gurnani ta tashe shi.

Matar Auta ta kira ta ce hadari ya haɗo, su bi ta cikin gari ko da za su sha cunkoso. Ya ce to. Da suka zo mararraba sai ya karya kan mota ya nufi hanyar daji.

Tun daga nan yake zuba. Yadda fentin ke da kauri, yadda ya ja kwanar nan mai wuya ba tare da hannunsa ya girgiza ba, yadda injiniya ya tsaya yana jinjina kai. Baba yana jingine da sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana saurare. Can ya ce su a zamaninsu babu kore babu shuɗi, hanya da kunne ake jin ta da mazaunai, direbobin yanzu kuwa in ka ɗauke musu ido ko ƙofar gidansu ba za su gane ba. Auta ya yi dariya. Da duhu ya sauka suka shiga inda aikin ya fara, sai ya ɗora taya a kan layi da gangan. Motar ta ɗauki gurnani har cikin haƙora.

"Wannan kam na ji shi," in ji Baba. "Ba laifi."

Ba laifi. Daga bakin Baba wannan babban yabo ne, amma bai ishi Auta ba. Maganar likita tana nan tokare a ƙirjinsa tun ɗazu. Ya riƙa tunanin cewa mutumin da ke ganin fari-farin fitila, ai in aka yi duhu sosai zai iya ganin kore ko da ɗis ne. Sau ɗaya dai, Baba ya ga abin da hannunsa ya yi. Ya duba gaba, babu mota. Ya duba madubi, babu mota. Ya rage gudu.

Ni dai ban ga laifin zuciyarsa ba. Amma wauta ce, tsagwaronta kuwa. Ya miƙa hannu ya kashe fitila.

Duhu ya rufto, layi biyu suka tashi a gabansu, kore shar, sun miƙe sun shige cikin daji. Abin gwanin kyau. Auta ya tambayi Baba ko yana ganin wani abu a gaba, ko da ɗan dishi-dishi.

"Fitila na ji ka kashe?"

"Na ɗan lokaci ne, Baba."

"Kunna."

Ya murɗa makunni. Shiru. Ya mayar ya sake murɗawa. Ya daki gefen sitiyari, ya ja sandar fitila mai nisa, ya danna ta gargaɗi. Ko ƙyas. Hatta 'yan fitilun da ke nuna gudu da mai sun mutu. Injin mota dai yana ta aikinsa lafiya lau.

Ya ƙaƙalo dariya ya ce fiyus ne ya ƙone, kuma ai saboda irin wannan ranar aka yi layin, za su lallaɓa har gidan mai na gaba. Auta ya kafa idonsa a layin dama ya riƙa bin sa a hankali. Layin ya ɗan karkata, shi ma ya karkata. Iska mai ƙanshin ruwa tana shigowa ta saman gilashi. Sama babu wata, babu tauraro.

Sun yi kamar minti goma a haka, sai Baba ya gyara zama. Ya karkata kai gefe ɗaya, irin yadda yake yi da in yana sauraron ciwon inji. Ya ce kukan taya ya sake. Sabuwar kwalta ba haka take kuka ba, wannan ta tsufa, akwai yashi a kanta.

"Hau layin in ji."

Auta ya ɗora taya a kan koren.

Babu gurnani. Ko alama.

Ya sauka ya sake hawa. Motar ta wuce sumul, kamar babu komai a wurin. A nan ya tuna.

Masu wannan aiki suna da wata al'ada ta tashi daga aiki. Ba a barin fenti ya kwana a cikin inji, sai ya daskare ya toshe shi. Sai a cire bakin da ke yin tudu-tudun, a nemi wani wuri da ba a bi, a tura injin har ragowar ta ƙare, sa'an nan a bi da baƙin fenti a shafe kafin a tafi. Ranar da suka gama, Auta ya zubar da ragowarsa a bakin tsohuwar hanya, wadda aka daina bi tun da ruwa ya cinye gadarta. Daga jikin sabon layi ya fara, ya karkata dama. Magariba ta yi, baƙin fenti yana can ƙasan kaya, kowa yana son gida. Ya ce gobe. Goben aka tura su wani aikin.

Amma taku talatin ne kacal. Da ƙafarsa ya tura shi, ya san inda ya ƙare, a gindin wani kututture.

Minti goma yana tuƙi a kan taku talatin.

Ya taka birki. Ya waiwaya ta gilashin baya. Layin yana nan a bayansu, amma ba biyu ba ne yanzu. Ya rabu uku, ukun sun rabu, kowanne ya nufi nasa wuri cikin duhu, wasu sun gitta wasu. Ya lalubo waya a aljihu. Da safe ya cika ta da caji, yanzu baƙa ƙirin, ya danna har yatsansa ya yi zafi.

Sai warin ya shigo. Ya fi kowa sanin wannan warin, shi ke bin sa har gado matarsa tana mita. Ɗanyen fenti ne, wanda bai yi minti biyar da zuba ba.

"Me ka gani?" Baba ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Auta ya faɗa masa duka, har da taku talatin da goben da bai zo ba. Ya jira faɗa. Baba ya ja numfashi kawai ya ce ya yi shiru, akwai abin da yake ji.

Shaa. Shaa. Shaa.

Daga gaba yake zuwa, ba nisa. Ƙarar buroshi a kan kwalta, mai shafawa ba ya sauri, ba ya gajiya. Auta ya ƙura ido. A can inda koren ya ƙare, yana ƙaruwa. Kamu ɗaya, ya tsaya. Kamu ɗaya, ya tsaya. Babu hannu, babu bokiti, babu kowa.

Hankalinsa ya tashi. Ya ce bari ya ɗan ƙara gaba ya sami fili ya juya, hanyar ta yi ƙunci a nan. Ya sa giya. Motar ta gangara, ƙarar buroshin tana ja da baya daidai da tafiyarsu, layukan biyu suna matsowa kusa da juna har ya ji kamar za su taɓa ƙofofin. Rassan itace suna kartar rufin.

Baba ya sauke gilashi ya leƙa da hanci.

"Tsaya."

"Baba, bari in..."

"Na ce tsaya."

Ya tsaya. Wani ɗan dutse ya kuɓuce daga ƙarƙashin tayar gaba. Suka ji yana gangarawa, ya yi shiru na tsawon numfashi biyu, sa'an nan ya faɗa ruwa. Can ƙasa sosai. Kogi yana ta ƙugi a wurin, sai yanzu Auta ya ji shi.

Layin bai tsaya ba. Ya miƙe a kan iska, daga bakin karyayyar gadar har tsallake, a tsaye cak ba abin da ya tokare shi.

Kuma ana tafiya a kansa. Ba ya ganin masu tafiyar. Koren ne ke ɓacewa daidai faɗin tafin ƙafa, ya dawo, ya sake ɓacewa a gaba kaɗan. Sawu ɗaya, biyu, goma, sun fi ƙirge. Dukansu wajen motar suka nufo.

Gaba rami, baya layi ɗari, kowanne yana cewa nan ce hanya. Ya ji motsi a gefensa. Baba ne ke cire takalma.

Tsohon ya yi magana a hankali, kamar mai ba yaron mota umarni. Ya ce wannan hanyar ya bi ta fiye da sau dubu kafin a kashe ta. Fenti zai iya yin ƙarya, amma gefen kwalta yana nan inda aka bar shi, kuma tafin ƙafa zai gane shi. Zai koma bayan mota ya dafa but, yana laluben hanya, Auta ya riƙa ja da baya. Bugu ɗaya, taho. Biyu, tsaya. In ya buga a dama a karya dama, in hagu hagu. Haka aka koya masa tun yana yaron mota, kafin a haifi wanda ya haifi injin fenti.

Auta ya riƙe masa hannun riga ya ce wallahi ba zai fita ba, shi zai fita. Baba ya tambaye shi, to wa zai ja motar, makaho?

"Ka rufe idonka, Auta. Idonka ne ya kawo mu nan. Kuma zobena za ka saurara, ba hannu ba."

Ya ƙwanƙwasa zoben azurfarsa a jikin ƙofa. Ƙas. Ya fita ya rufe.

Auta ya ji tafiyarsa a gefen mota, hannu yana shafar ƙarfe. Ya sa giyar baya. Ya runtse ido.

Ƙas.

Ya saki birki kaɗan. Motar ta motsa.

Ƙas, a dama. Ya karya. Ƙas, a tsakiya. Ya miƙe.

Ƙarar buroshin ta tsaya.

Da farko hannu ɗaya ne ya sauka a bonet, a hankali, kamar mai gwada zafin inji. Sai na biyu a rufi. Sai ƙofar hagu, ƙofar dama, gilashi. Tafuka masu laushi, jiƙaƙƙu, suna mannewa suna ɓamɓarewa. Suka fara bugu. Ɗaya. Biyu. Ɗaya a dama, biyu a hagu, duk a lokaci guda, sun ji yadda ake yi suna kwaikwaya. Motar ta cika da ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara.

A ƙarƙashin duk wannan, siriri, can baya: ƙas.

Ya bi shi.

Warin fenti ya cika masa maƙogwaro. Wani numfashi mai sanyi ya taɓa masa kunne ta inda gilashi bai rufe ba.

"Auta. Mun iso. Buɗe ido."

Muryar Baba ce, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Fatar idonsa ta fara rawa.

Ƙas, daga baya.

Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ya ci gaba.

Ƙas, ƙas.

Ya taka birki.

Sai komai ya ɗauke. Hannuwan suka janye. Babu buroshi, babu iska, babu zobe.

Ya jira. Ƙafarsa tana kan birki. Ko Baba ya faɗi ne? Ko yana kwance daidai bayan taya? In ya motsa zai iya take shi. In ya buɗe ido ya san abin da zai gani, kuma ya san zai bi. In ya fita, wa zai riƙe motar?

Ya kira Baba. Muryarsa ko shi bai ji ta sosai ba.

Can baya, nesa da mota fiye da yadda ya kamata, ya ji tsohon yana magana da wasu. Ba faɗa ba, ba roƙo ba. Irin muryar da yake yi in ya sami cunkoso a ƙaramar gada yana cewa a yi haƙuri a ba shi hanya, yana da kaya.

Hawaye suka zubo wa Auta ta rufaffen ido.

Sawu, a hankali. Hannu a kan but.

Ƙas.

Ya saki birki. Taku biyar, goma. Tayar baya ta hau wani abu, motar ta ɗauki gurnani har cikin ƙashinsa.

Fitilu suka kama gaba ɗaya. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya buɗe ido ya ga sabuwar kwalta, da nasa layin mai tudu-tudu, da wata babbar mota can nesa tana tahowa. Ya fita da gudu. Baba yana tsaye cikin jan hasken birki, yana haki, hularsa babu. Ƙafafunsa jiƙe suke da kore har idon sawu.

Ya ɗauke shi cak ya sa a mota. Tsohon da ba ya yarda a riƙe masa hannu bai ture shi ba. Suka wuce gida.

Da sassafe Auta ya koma da baƙin fenti da abin kankara. Taku talatin ya tarar, daga jikin sabon layi zuwa gindin kututture, busasshe, ƙura ta hau shi. Gaba da nan sai tsohuwar kwalta da ciyawa da sawun tayarsa har bakin gada. Ya kankare, ya shafe sau uku, ya jawo duwatsu ya tare bakin hanyar. Tun daga ranar ba ya tashi daga aiki sai ya bi ragowar kowa ya shafe, abokan aiki har suna yi masa tsiya. Bai taɓa sake kashe fitila a kan hanya ba.

Ƙafar Baba kuwa, an wanke da kananzir, an wanke da sabulu, ta fita tas. Amma a dare na uku matar Auta ta tarar da shi a tsakar gida ba sanda, yana tafiya a miƙe zuwa ƙofar waje kamar mai ido. Da aka tambaye shi sai ya ce layi ne, yana ganinsa sarai, shi kaɗai yake gani a duniya. Layin yana can ƙarshen lungu, kuma kowane dare yana matsowa.

Shi da kansa ya ce a riƙa kulle shi. Ya ce da rana ya san ƙarya ne, amma da dare abin yana da kyau, kuma mutum ya gaji da duhu.

Auta ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin Baba, yana kwana gicciye a bakin ƙofa. Kowace safiya yana tambayar inda layin ya kawo, tsohon yana faɗa masa. Ya zo bakin shagon mai ɗinki. Ya zo ƙofar gida. Ya shigo, yana wajen igiyar shanya. Auta ya shafe tsakar gidan nan kaf da baƙin fenti, maƙwabta suna leƙe. Baba ya ce sannu da ƙoƙari, a kan baƙin ma ya fi fitowa.

Daren jiya Auta ya farka ya ji tsohon a zaune a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa. Ɗakin duhu ne, babu abin da yake gani. Ya tambaya a hankali ina ya kawo yau.



"Kada ka tashi, Auta," in ji Baba. "A kansa kake kwance."